Rasuwar Beryl Mai Baki Huɗu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Carmelo Pulvirenti na Port Kembla, a madadin kaina da sauran 'yan ƙungiyar kiɗanmu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Beryl, akwatin lasifikar jitata mai baki huɗu. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi a garejina, tsakanin injin yankan ciyawa da tsohon firij, bayan doguwar jinya.

Duk wanda ya san marigayiya zai shaide ta: ba ta taɓa yin magana a ɓoye ba. Idan aka jona ta takan fara da gurnani, hummm, kamar mai gyaran murya kafin jawabi. Ina taɓa jita kuma sai ta ce gwaraam, kofunan da ke kan tebura su kama rawa. Na same ta ina saurayi, lokacin ina aiki a masana'antar ƙarfe, daga hannun wani bawan Allah da matarsa ta ce ya zaɓa, ko ita ko akwatin. Ta raka ni bukukuwan aure da liyafar 'yan ritaya ba adadi. An zubar mata da giya a ka, an kashe mata taba a kafaɗa, ba ta taɓa kai ƙara ba. Aibinta ɗaya nauyi. Likitan da ya yi mini aikin baya ya san ta farin sani, ko da yake bai taɓa ganinta ba.

Ba a ba da tarihin Beryl a tsallake Sefa Leaupepe. Shi ne ɗaya mai jitar ƙungiyarmu, wanda ya tsaya a haguna tun gashinmu yana baƙi. Nasa akwatin ƙarami ne, baki biyu, da wata siririyar murya mai huda kunne. Ko suna bai raɗa masa ba, ya ce akwati akwati ne. Kowace Lahadi da yamma a kulob ɗin unguwarmu, kafin mu fara kiɗa sai mun yi faɗanmu.

"Mel, rage wa tsohuwar nan taka, ko kaina ba na ji," in ji Sefa.

"Ba ka yi asarar komai ba, mutumina."

Sai Noelene, mai kaɗa mana ganga, ta ɗaga sandunanta. "Tsofaffin banza. Sanda biyu gare ni, ku ma kai biyu gare ku. Mu fara ko in fara?"

Da likita ya hana ni ɗaukar kaya, Sefa ne ya zo da makirufo da kwamfuta. Ya kafa makirufon a bakin Beryl, ya tura mata wani fito mai tasowa daga ƙasa zuwa sama, ita kuma ta maimaita, wuuuiiip. Kwamfuta ta riƙe yadda ta amsa, ta mayar da shi ɗan fayil. Fayil ɗin muka zuba a wata ƙaramar na'ura da ake ajiyewa a gindin ƙafa, wadda ke kwaikwayon muryar kowane akwati aka ba ta. Ya ɗauki muryar nasa ma haka. Na ce masa wannan ba Beryl ba ce, hotonta ne. Ya ce hoton ya fi ta sauƙin hawa bene. Daga ranar marigayiya ta yi ritaya, ta tare a gareji.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Sefa. Baki ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfinsa, amma yatsun hagu sun ƙi danne tsirkiya. Waƙoƙinmu kuwa duk na jita biyu ne. Ni kaɗai na riƙa tsayawa, kiɗan ya zama kamar gidan da aka kwashe rabin kujerunsa. Manajan kulob ya fara maganar wani mutum mai saka waƙa daga wayarsa.

Sai na yi dabara. Na ɗora wa na'urar muryoyin biyu lokaci guda, Beryl a dama, na Sefa a hagu, don a ji kamar yana nan. Ashe kowace murya lissafinta daban, ga amsa-kuwwa da sauran kwalliyar da na riga na jibga mata. Ana tsakiyar rawa, tsofaffi sun rungumi matansu suna juyi, na'urar ta ce kak, kak, kak, ta ɗauke. Babu abin da ya rage sai gangar Noelene da tarin wani dattijo. Manaja ya ce ya ba mu Lahadi ɗaya tak mu gyara.

Noelene ce ta kai ni gidan Sefa a motarta. Muka tarar da shi a kujera yana cin gwaza da hannun dama. Na ba shi labari, ya yi dariya har ya ƙware.

"Kai dai ba ka da tausayi. Ka sa 'yar mitsitsiyar aba aikin ƙarti biyu? Haɗa muryoyin a kwamfuta su zama fayil ɗaya. Lissafi ɗaya za ta yi, ta huta."

"In haɗa Beryl da gwangwanin nan naka?"

"Gwangwanin nan ne ya rufa maka asiri duk shekarun nan. Jawo kwamfutar."

Ni ke dannawa, shi yana nuni da cokali. Haɗin farko ya fito siriri, kamar sauro a cikin kwalba. Na ce ka gani, jininsu bai haɗu ba. Sefa ya matso da fuska, ya nuna mini zanen muryoyin biyu a allo. Ɗaya ta riga ɗaya tashi da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa inda wannan ta tura, waccan sai ta ja, suna cinye juna.

"Taka ce mai gaggawar," in ji shi. "Halin mai ita."

Muka yi ta matsar da ita kaɗan-kaɗan har suka tashi tare. Sai rigimar kaso ta taso. Na ce Beryl baki huɗu, nasa biyu, lissafi a fili yake. Ya ce ba a auna mawaƙi da yawan baki. Noelene ta ce rabi da rabi, in na ƙara magana in tafi gida a ƙasa. Da na buga haɗin ƙarshe, ga kaurin Beryl a ƙasa, ga kaifin nasa a sama, babu dama babu hagu, murya ɗaya. Sefa ya juyar da kai wajen taga.

Ranar Lahadi na'urar ko tari ba ta yi ba. Manaja ya bar mana wurinmu. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa Beryl ba ta taɓa daɗi irin na yau ba, suna tambayar inda na ɓoye ta. Da na koma gida na shiga gareji na gaya mata. Ina zargin wannan labarin ne ya karya mata zuciya, ko da yake masana sun ce ruwan saman da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ne. Danshi ya ci bakunanta ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar na jona ta don mu gaisa. Ta ce hummm, a hankali. Na taɓa tsirkiya ɗaya, ta ce farrr, kamar yagewar tsohon zane. Ba ta sake cewa komai ba.

Ta rasu ta bar tsohon amfilifaya, injin ƙara sautin da ya zauna a kanta tsawon rayuwarsa, da wayoyin jona ta masu yawa waɗanda biyu ne kawai ke aiki, da tayoyin gindinta uku. Ta bar matata Glenys, wadda ta karɓi wannan rashi da dangana mai ban mamaki, har ta riga ta auna wurin da tef ɗin awo.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan mun tashi daga kulob. Za a ɗauko marigayiya daga gareji zuwa bakin titi, inda motar kwashe tarkace ta ƙaramar hukuma za ta zo mata washegari. Akwai gasasshen naman sosej da burodi, kowa ya zo da abin shansa da kujerarsa. Ba a buƙatar furanni. Ana buƙatar majiya ƙarfi huɗu.

Kafin a watse zan buga waƙa ɗaya da haɗaɗɗiyar muryar. Sefa zai zo a keken guragu, an tanadar masa wuri a hagu. Ya riga ya aiko Noelene ta gaya mini wai rabinsa ba ya fita sosai. Na koma kwamfuta na sake haɗin, na ba shi kashi sittin cikin ɗari. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya gaya masa, don in ya ji saba'in zai nema.