Kujerar Gaba a Jirgin Ilori

Ba zan taɓa mantawa da watan da maigidanmu ya aiko a kai ni Ilori ba, domin tun kafin in tafka abin kunyar da zan ba ku labari, da damuwata nake yawo a ƙirji. Shi yana can yana sana'ar albasa, ya kama mana ɗaki, kuma a shekarar aka ce jirgin ƙasa ya dawo aiki. Ƙanen mahaifinsa, Baffa Sale, shi zai raka ni. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sakewa magana ɗaya ce da surukata, Inna, ta yi tana tsince wake:

"Yaron nan dai ya isa yaye. A bar min shi. Yarinyar da iyakarta Fassi zuwa Kibiya, Kibiya zuwa Rano, ina ta san hawa jirgi da goyo?"

Ɗan farina ne. Kun san yadda abin yake a wajenmu: ko sunansa ba na kamawa, 'yan gida su ce Abba, ni in ce "wannan". In ya faɗi a gaban mutane sai in ɗauke kai har wata ta ɗaga shi. To da wane bakin zan ce wa Inna ba zan iya barinsa ba? Na ce a raina: tunda rashin sanin jirgi ne laifina, bari in san shi.

Ranar da na kai shi rigakafi Rano, da muka fito daga asibiti sai na ratse rumfar wani mai sayar da faifan sidi a kusa da tashar mota. Na ja hijabi na rufe rabin fuska kamar wadda ta zo sayen abin da ba ya faɗuwa, na ce, "Malam, akwai fim na jirgin ƙasa?"

"Na Indiya? Wanda ake faɗa a samansa?"

"A'a. Wanda zan ga yadda ake tafiya a ciki."

Ya dube ni, ya dubi goyona, sannan ya sunkuya ya jawo wani kwali mai ƙura. Ya ce cikin kayan da ya saro daga Kano aka haɗo masa da su, kuma ban da wani malamin makaranta babu wanda ya taɓa tambaya. Lokacin an sa wa masu faifai ido sosai a kan rawa da waƙa, saboda haka da wannan ya fara yi min talla: "Hajiya, babu kiɗa, babu rawa, babu mace ko ɗaya. Ko liman ya kalla da iyalinsa."

Na ce, "Hanyar Ilori ce?"

Ya ce, "Ai hanyar jirgi duk ɗaya ce, ƙarfe biyu ne." (Allah ya yafe masa. Ni ban gama yafewa ba.)

Washegari da hantsi aka kawo wuta, na rufe ƙofa na saka faifan. Da farko wani rubutu ya fito. Ni ajina uku a firamare, amma na san wannan ba irin haruffan da aka koya mana ba ne, na ɗauka na manyan aji ne. Daga nan sai gilashi, a gabansa ƙarafa biyu sun miƙe, sai muka fara tafiya. Na zauna ina jiran mutanen fim ɗin su fito. Har na gama ba wannan nono, ya yi barci, ya farka, babu wanda ya fito. Hanya ce kawai take shigowa ƙarƙashinmu, sai wani hannu mai safa da yake leƙowa jefi-jefi ya taɓa wani abu, sai odar jirgi.

Amma in gaya muku gaskiya, abin ya kama ni. Na ga shanu marasa tozo, jajaye da fari, babu mai kiwo a bayansu. Na ga gidaje masu tsinin rufi, ko katanga babu, na ce to su matan gidan a ina suke shan iska? Ko akuya ɗaya ba ta tsallaka hanya ba. Can sai ƙasa ta fara yin fari fat, bishiyoyi ma fari, har wani ƙarfe yana share gilashin. Sai na ga dutse ya tare mu, wanda ya fi duwatsun Rano nesa ba kusa ba. Na ce innalillahi, na rungume yaro. Ashe ƙofa ce a jikinsa, muka shige duhu ɗungurungum.

Kwana tara ina wannan karatu, duk sanda aka kawo wuta. Na ɗebo gyaɗa, kowane rami in ajiye ƙwaya ɗaya: ramuka bakwai. Mafi tsawonsu na auna shi da ƙulhuwallahu, ƙafa goma sha ɗaya ba gaggawa. Na san inda ake tsayawa, na san gadar da ke bayan rami na huɗu. Sai na fara sakin ilimina a tsakar gida, daidai inda Inna za ta ji.

"In an wuce Zariya da kaɗan sanyi yake farawa. Ƙasar can fara ce. Kuma sai an riƙe tocila saboda ramuka."

Inna ta ce a nuna mata. Ta zauna bakin gado, ba a kai rami na biyu ba ta dafe goshi. "Kashe, kashe, jiri nake ji. To su fasinjojin suna ina?"

Nan ne na ɗaure kaina da kaina. Na ce, "Suna baya, Inna. Wannan kujerar gaba ce. Kamar motar Rano ne, wanda ya riga zuwa shi yake samun kusa da direba."

Kuma wallahi har zuciyata haka na ɗauka. A motar kasuwa in muka zauna baya sai yaron ya yi ta amai, in muka samu gaba lafiya lau. Na ƙudura a raina ko da kokawa sai na kama mana gaba. Inna ta dube ni, ta ce za ta raka mu tashar Kano, a can za ta ga abin da ya dace. Na lura ta sa kayan yaron a jaka daban, ta riƙe a hannunta.

Ranar tafiya ana zafin bazara irin wanda ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ni kuwa na sa wa yaro rigar sanyi, da safa, da hular ulu mai tuntu, na ɗaure barguna biyu a ƙullin kayana, tocila a hannu. Baffa Sale ya ce, "Wannan kuma fa?" Na ce, "Za ka gani a gaba, Baffa." Ya girgiza kai. Da muka isa tasha ya tafi yankar tikiti, ya ce mu tsaya inda ya bar mu.

Ban tsaya ba. Na ga jama'a suna ta turereniya a ƙofofin tarago, ana miƙa buhuna ta taga, can gaba kuwa babu kowa. Har tausayinsu na ji, na ce bayin Allah ba su kalli faifai ba. Na ce, "Inna, yi sauri, gaba ba kowa!" Na wuce, tsohuwa tana bina da jaka tana haki, muka wuce tarago bayan tarago har muka isa kan jirgin.

Bai yi kama da na faifai ba. Baƙi ƙirin da mai, yana gurnani, zafi yana fitowa daga jikinsa kamar bakin murhu, ƙofar kuma can sama, sai an taka tsani na ƙarfe. Amma na ga gilashin, na gane shi. Na soke tocila a ƙugu, na tattare hijabi, na yi bismillah na kama tsani. Ina mataki na uku wani dattijo mai furfura ya leƙo, da guntun rake a hannunsa.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Mutum biyu ne da goyo. Ɗayan ya tafi yankar tikiti, na zo kama mana wuri."

Ya daina tauna. Ya juya ciki ya ce, "Kai, zo ka ga, an aiko mana canji." Wani ya leƙo ta bayansa. Dattijon ya ce, "'Yata, ke za ki ja mu yau?"

Da mai hankali ce da nan ta sauko. Ni da na san Inna tana ƙasa tana ji, sai na ɗaga murya: "Ai na san hanyar, Baba. Ramuka bakwai ne, sai gada bayan na huɗu, sai inda ƙasa take fari saboda sanyi."

"A hanyar Ilori?"

"Eh."

"Tun ba a haife ki ba nake bin hanyar nan. Ramin da na sani sai na gafiya. Wa ya gaya miki?"

"A faifai na gani."

Na biyun nan ya yi dariya har ya zauna. Masu dako suka ajiye kaya, mai sayar da ruwa ta kira ƙawarta, fasinjojin taragon farko suka zuro kawuna ta taga. Wani ya ce, "A ba ta mana, wataƙila ta fi ku sauri!" Ga Baffa Sale ya taho da tikiti a hannu yana salati: "Wa ya hau da ke can? Sauko, don girman Allah!" Ashe saukowa ta fi hawa wuya. Takalmina ɗaya ya faɗa ƙarƙashin jirgi, tocila ta bi shi, sai da aka sa sanda aka zaƙulo su, kowa yana ba da shawara.

Na tsaya gaban Inna, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kwanto shi."

Na kwance zani, na miƙa mata shi, na kafa ido a ƙasa don kada hawaye ya ƙara min wata kunyar a kan wadda nake ciki. Ta cire masa hular ulu, kansa sharkaf da gumi. Ta cire safa, ta cire rigar sanyi, ta yi masa fifita da gefen mayafinta, ta ba shi ruwa. Sannan ta ce, "Juya."

Na juya. Sai na ji ɗuminsa a bayana, ta ja zanin ta ɗaure da kanta, tamau.

"Tun ranar da kika fara ƙirga ramuka da gyaɗata na gane inda kika dosa," in ji ta, ƙasa-ƙasa yadda Baffa ba zai ji ba. "Ni ma na yi ɗan fari. Wadda ta yi kwana tara tana kallon ƙarfe saboda shi ba za ta manta shi a tasha ba. Ki yaye shi a can." Ta miƙo min jakar kayansa. "Bargunan kuma ba ni, kafin ki dafa min jika."

A tarago na shida muka samu wuri, kusa da wata mai kaji. Har muka isa ban ga rami ko ɗaya ba, shanun duk masu tozo ne, kuma yaron bai yi amai ba. Abin da na koya shi ne, in mai rumfa ya ce miki hanya duk ɗaya ce, ki tambaye shi ko ya taɓa wuce Kwanar Dangora. Har yau in na je gida Kibiya, daga bakin zaure Inna take cewa, "A shimfiɗa tabarma, Direba ta iso."

Faifan yana nan a ƙasan akwatina, kuma (kada ku gaya wa Baffa) na sayi wasu uku a bayansa. Amma na farkon ne yake tsaya min a rai. Don Allah, in akwai wanda ya san ƙasar da jirgi yake shiga cikin dutse sau bakwai, shanunta ba tozo, gidajenta ba katanga, ya gaya min sunanta. Na san hanyarta sarai, ban san inda ta nufa ba.