Murjanin Kaka a Kwanon Lemun Tsami

A shekarar 2018 yanar ido ta rufe idanun Kaka, kuma tun daga lokacin akwatin kayan adonta ya zama abin gardama a gidan. Babbar 'yarta, wadda kowa yake kira Goggo, ta ce ba a barin zinariya da azurfa a hannun wanda ba ya gani, gara ta ɗauke akwatin ta kulle a gidanta. Kaka ta ƙi. A ƙarshe aka daidaita a kan cewa akwatin zai zauna a ƙarƙashin gadon tsohuwar muddin jikanta Bakanike yana kula da kayan, Goggo kuma ta riƙa zuwa tana dubawa. Ran da ta tarar da ɓarna, ranar akwatin zai bar gidan.

Kaka ta koya wa jikan nata aikin dalla-dalla. Zinariya sai ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a tsane ta da tsumma mai laushi. Azurfa sai toka da lemun tsami. Amma sarƙar murjanin da ta gada daga mahaifiyarta, mai ƙwallayen azurfa a tsakani, ba ta son ruwa, balle tsami. Busasshen tsumma kaɗai take sha. Kullum a gabanta yake aikin, tana saurare tana kushe shi.

Rannan Goggo ta aiko cewa tana tafe, ga shi kuma Bakanike ya bar motar wani a buɗe a gareji. Kaka ba ta tashi daga barci ba. Sai ya ja akwatin zuwa tsakar gida, ya yi abin da hannunsa ya saba a wurin aiki, inda ake tara kusoshi da ƙananan ƙarafa a jiƙa su a kwano ɗaya. Duk abin da ya ga azurfa a jikinsa ya zuba a ruwan lemun tsami, har da sarƙar, ya tafi amsa wayar mai motar. Da ya dawo ya tarar da kumfa tana tashi a kwanon. Murjanin da yake ja kamar garwashi ya koma fari-fari, yana kaushi kamar alli. Ya ɗauraye shi, ya ƙunshe a hankici, ya cusa a aljihu, ya ɗauki akwatin ya shiga ɗaki.

"Lafiya lau na kwana, in ban da ciwon gwiwa da rashin sa'ar miji," Kaka ta amsa gaisuwarsa. "Yau kuma me ya samu Maigida, har da durƙusawa?"

"Duba ki nake yi, Amarya. Da mota ce ke, da tuni na kira masu sayen tsohon ƙarfe."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Kai kuwa ko sabulu ya hango ka sai ya nemi hanyar gudu. Miƙo kayana."

Al'adarta ce ta karɓi kayan ɗaya bayan ɗaya, ta bi su da yatsa, ta faɗi wanda ya saya mata da abin da aka yi ranar. Ya miƙa mata awarwaro. Ya miƙa 'yan kunne. Zobban ma sai ya riƙa bayarwa ɗai-ɗai, yana yabon ƙyallinsu, yana cewa da tana gani da hasken ya sake makantar da ita. Ta shinshina iska, ta tambaye shi ko lemun kasuwa gaba ɗaya ya matse. Ya ce dole ne, tun da dattin wuyanta ya fi na injin babbar mota. Ta ce ai dattin arziki ne, ba irin nasa ba, wanda ko kyauta aka bayar babu mai karɓa.

Sai ta shimfiɗa tafin hannunta.

"Saura sarƙata."

"Ta yi yaji. Ta ce ta gaji da wuyan da ya yi kama da tsohuwar tiyo."

"To, yi bikonta."

"Na ba budurwata."

"Wadda ta yarda ta so ka, ita ya kamata a kai asibitin ido, ba ni ba. Miƙo."

Ya lura cewa ba ta yi dariya ba, hannun nan kuma bai sauka ba. A daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Goggo ce, tana cewa ta sauka a bakin titi, za ta tsaya ta sayi 'ya'yan itace ta ƙaraso. Kaka ta ji komai, domin Goggo ba ta iya magana a hankali ba.

"Maigida," ta ce, "ruwa ba ya tsami banza. Tun da ka shigo bakinka yake gudu ba birki, ƙafarka kuma tana kaɗa mini gado."

"Son ki ne yake girgiza ni."

"Mai wanka ba ya ɓoye cibiya."

Shi da ba a taɓa kai shi ƙasa a baki ba, sai ga shi ya zaro hankicin ya kwance a tafinta.

Ta bi murjanin da yatsa, ƙwaya bayan ƙwaya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ɗaga guda ta goga a leɓenta. Da ta buɗe baki ba ta kira shi Maigida ba.

"Ɗan nan, tsami ka sa mata?"

"Tsami, Kaka."

Ya faɗa mata yadda aka yi, bai rage komai ba. Sannan ya ce yana iya shafa wa sarƙar ɗan mai, ta yi ƙyalli na yini ɗaya, kamar yadda ake yi wa tsohuwar mota ranar sayarwa. Ta ce idon Goggonsa yana tsince allura a cikin yashi, kuma ita ba ta goyi mayaudari ba. Ya ce to zai tsaya a gaban Goggo ya amsa laifinsa. Ta ce madalla da jarumi, amma da ya rufe baki za a ɗauki akwatin. In kuwa ita ta ce ita ta yi ɓarnar, to ko zama Goggo ba za ta yi ba, za ta ɗauke shi. Duk hanyar da suka bi, a wuri ɗaya take ɓullewa.

Muryar Goggo ta taso daga ƙofar gida, tana gaisawa da maƙwabta. Kaka ta riƙe sarƙar a ƙirjinta na ɗan lokaci. Sannan ta ƙunshe ta a hankicin, ta lalubi hannunsa, ta danƙa masa.

"Sa a aljihu. Na ba ka."

Bai samu damar musawa ba, Goggo ta yi sallama ta shigo. Bayan gaisuwa ta jawo akwatin kusa da taga, ta ɗaga kowane abu a haske, ta juya shi, ta duba maƙalan 'yan kunne da cikin zobba. Ba ta ga wani aibu ba. Sai ta sake lalube akwatin har ƙasa, ta tambayi murjani.

"Na ba mijina," in ji Kaka. "Tun yana cikin zani yake aurena, ban taɓa yi masa kyauta ba."

Goggo ta ce wannan ba maganar wasa ba ce, sarƙar kakarsu ce. Kaka ta ce ita ta gada, ita ta bayar, da ranta da hankalinta, kuma abin da aka ce Goggo ta riƙa dubawa shi ne kayanta, ba kayan mutane ba. Goggo ta juyo ta dubi Bakanike, ta ce ya fito da ita ta gani. Ya buɗe baki, sai ya ji sandar Kaka ta sauka a kan babban yatsansa.

"Kada ki wahalar da kanki, 'yar nan. Wannan marowacin ko gurɓataccen mai ba ya nuna wa mutum kyauta."

Goggo ta daɗe tana kallonsu, daga shi sai ita. A ƙarshe ta rufe akwatin, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa, ta ce tsohuwa da jikanta ba a shiga tsakaninsu, ta fita wanke 'ya'yan itacen da ta kawo.

Bakanike ya sunkuyar da kai.

"Kin kayar da ni, Amarya. Yau ba ni da baki."

"Dama yaushe ka yi shi?" Ta yi 'yar gajeriyar dariya, ta share gefen idonta da bakin mayafi. "Kada ka ɗauka don sonka na ba ka. Kayanka ka ɓata, kai za ka zauna da su. Tashi ka tafi, motar bawan Allah tana can a buɗe, kada ka je ka jiƙa ta a lemo ita ma."

Har yau akwatin yana ɗakin Kaka, kuma Bakanike bai sake taɓa shi ba sai tana zaune a farke. Maƙerin da ya kai wa sarƙar ya goge ta iyakar iyawarsa, amma jan bai dawo kamar da ba. Tana nan a wurinsa. Kaka kuwa ba ta sake cewa a miƙo mata ita ba.