Ƙarin Kunnen Kafinta

Wani kafinta ne, mai cika baki, irin wanda ko guduma ta faɗa masa a yatsa sai ya ce da ma gwada ta yake yi. Yana da 'ya ɗaya, 'yar shekara shida. Hujin kunnenta na jarirantaka ya toshe, uwar ta ce a kai ta kemis a sake mata. Ranar uwar na fama da wanki, sai shi ya ja ta suka tafi.

Yarinya na ganin bindigar huda kunne a hannun mai kemis, ta shige ƙarƙashin tebur. Aka yi lallashi, aka yi alkawarin alewa, ta ce atafau. Kafinta ya ga mutane sun fara kallonsu. Ya jawo kujera ya zauna, ya miƙa kunnen dama.

"Malama, fara da ni. Ke kuma leƙo ki ga yadda maza ke yi. Ai cizon sauro ma ya fi wannan zafi."

Mai kemis ta tambaye shi ko da gaske yake. Ya ce shi da ke wuni da zarto a hannu ake tambaya? Ta danna. Ƙas! Kafinta ya sulale daga kan kujera ya zube ƙasa, sai da aka yayyafa masa ruwa. Yana buɗe ido ya ga 'yarsa tsaye a kansa tana yi masa fifita da kwali. Ta ce ta gani, ta gode, a koma gida.

A hanya ya cire ɗan ƙarfen da bindigar ta bar masa a kunne ya jefar, ya shirya zai ce wa matarsa ƙusa ce ta karce shi. Kafin ya cire takalmi yarinya ta gama ba da labari, har da kwatanta faɗuwar.

Rami ya warke, amma wurin ya ƙi kwanciya. Wani ɗan ƙari ya ɓullo a fatar kunnen kamar ƙwayar wake, mai tauri, mai sheƙi, ga ƙaiƙayi. Wata na bin wata ya zama gyaɗa. Da farko har daɗi ya ji, don fensirin da yake saƙalewa a kunne ya daina zamewa. Matarsa ta ce ya je asibiti. Ya ce asibiti na marasa lafiya ne.

Mai askin da ke jikin shagonsa ya duba, ya lallatsa, ya ce wannan ai aikin ƙiftawar ido ne. Ya ɗauko sabuwar reza ya shafce shi tas. Kafinta ya sake suma, amma da ya farfaɗo ya ga kunne sumul. Ya yi ta yawo yana juya wa mutane gefen dama ko ba a tambaye shi ba.

Ai kuwa abu ya dawo, kuma da fushi ya dawo. Ya wuce gyaɗa, ya kama hanyar lemon tsami. Nauyi ya sa kan kafinta ya karkace dama, duk abin da ya auna da ido ya fito a karkace. Wata mata ta dawo masa da tebur, ta ce ko kofi ta ɗora sai ya gangara ya faɗi. Wani ya ce tunda aka kafa masa ƙofa take buɗe kanta. Da aiki ya fara gudu, kafinta ya ja hula ya rufe kunne ya nufi asibiti.

Likita ya duba, ya ce tabo ne da ya ƙi tsayawa. Jikin wasu haka yake: in an ji musu ciwo, naman da zai toshe wurin ba ya jin an ce ya isa. Ya tambayi wanda ya yanka. Kafinta ya ce wani ƙwararre ne. Likita ya ce ƙwararren ya yi wa abin taki, don yanka kaɗai ƙara masa ƙarfi yake yi.

Sai ya jero masa hanyoyi. Akwai allurar da ake yi a cikin ƙarin kansa, wata-wata, har ya saki ya kwanta.

"Wuce wannan, likita."

Akwai daskarar da shi da wani sanyi mai tsanani har ya motse. Akwai a yanka a asibiti, a bi da allura ko a haska masa haske don kada ya dawo.

"Duk inda allura take, tsallake."

Akwai kuma wani ɗan maƙali da ake matse wurin da shi, a wuni da shi a kwana da shi, wata da watanni, an fi sa shi bayan an yi aiki. Likita ya ciro ɗaya daga aljihun tebur ya nuna masa. Kafinta ya kalla, ya ce wannan ai ɗan kunne ne, shi magidanci ba zai sa kayan mata ba. Ya ce zai je ya yi shawara. Abu biyu kawai ya fito da su a kansa: sanyi da matsi.

Ya fara da sanyi. Ya kwashe kayan firij ya zura kai ciki. Matarsa ta shigo kicin ta tarar da rabin miji a waje, ta tambayi abin da yake nema. Daga ciki ya amsa cewa magani yake sha. Ya fito da mura da ciwon haƙori, ƙari kuwa sai ƙara sheƙi ya yi.

Ya koma matsi. A shago ya ɗauko ƙarfen nan da yake matse katako da shi idan ya shafa gam, ya ɗaura a kunne ya murɗa. Ihun da ya yi sai da mai aski ya zabge wa wani gira. Ya gwada abin maƙale shanya, abin ya yi ta tsalle yana faɗawa cikin gam. Rannan yana neman maɓalli a ɗakin matarsa, ya ci karo da 'yan kunnenta na fita unguwa, masu maƙalawa, masu doguwar jela da duwatsu. Ya gwada ɗaya. Ya kama ƙarin caraf, ba zafi, ba zamewa. Ya tura jelar cikin hula ya fice abinsa.

Ranar bikin ƙanwarta, matar ta gama kwalliya, ta sa ɗan kunne ɗaya, ɗayan ya ce ɗauke ni inda kika ajiye ni. Ta zazzage akwati, ta ɗaga katifa, ta tsare yarinya da tambaya har ta yi kuka. Mota na ƙofa tana ta hon. Kafinta ya shigo da hula har gira, yana faɗan yadda mata ba su iya ajiya ba. Don a ga yana taimakawa, ya durƙusa zai leƙa ƙarƙashin gado. Hula ta faɗi. Jela ta zubo, duwatsu na lilo suna walƙiya a gefen gemunsa.

Ya ɗago a hankali.

"Magani ne. Likita ya ce ba a cirewa."

Matar ta dube shi sama da ƙasa. Ta cire na kunnenta ta miƙa masa.

"To ungo ɗayan, Maigida. Ga gyale can a kan gado. Ka gaishe min da amarya."