Ranar da Na Daka Ƙasan Teku

Ba zan taɓa mantawa da ledar yashin nan ba, ko da na so. Ina shekara ta biyu a jami'a a Zinder, ina karatun ƙasa da duwatsu, malaminmu ya dawo daga Kwatano da leda huɗu na yashin da aka kwaso daga ƙasan teku. Ya ce mu rabu rukuni-rukuni. Kowa ya ja abokinsa, aka bar ni tsaye, 'yar Garagumsa da ba ta da ƙawa ko ɗaya a ajin. Malam ya miƙo mini leda ta huɗu ya ce, "Ke yi naki ke kaɗai."

Can baya nake zama, rabin bayanin na ji, kuma wa zan tambaya? Na dai ga rariya shida a jere, mai manyan ido a sama, na ji kalmar tankaɗe. Na ce a raina, ni da na tashi a gindin turmi? Yau za su san da ni.

Suka tafi cin abinci tare, na zauna a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, ni da fanka. Na zuba yashin na girgiza, tsaki ya tsaya a rariyar sama. To a gidanmu barin tsaki ragwanci ne, turmi ake mayar da shi. Ga kuwa ɗan turmin tangaran a kan tebur (wallahi kamar ni yake jira). Na daka, na tankaɗe, na sake dakawa, har da ɓawon katantanwa. Kafin la'asar komai ya wuce ta rariyoyin, laushi kamar garin kunu.

Malam ya zo yana duba na kowa. Ya leƙa rariyoyina, wayam.

"Ina tsakuwarki? Ina yashin?"

"Na dake su, Malam." Har da murmushi na faɗa!

Ya cire tabarau. "Baiwar Allah, girman ƙwayar muke aunawa. Shi ke gaya mana ko ruwan wurin mai ƙarfi ne ko kwantacce. Kin mayar mana da teku laka."

Aji ya fashe da dariya. Babu leda ta biyar, sifiri na samu. Ina wanke turmin ina hawaye, wata da ke zama gabana ta ce a hankali, "Ai da kin tambaye ni." Shekara biyu ina kallon ƙeyarta, ko sunanta ban sani ba.

Ranar na gane cewa in mutum bai buɗe baki ya tambaya ba, ƙwazonsa ɓarna kawai yake ƙara wa sauri.