Hanyar Rani a Cikin Damina

"…da gajiya? Ina mutanen Yamai? Ina ruwa?"

"Lahiya lau. Ruwa sun yi gyara."

"Madalla. To ina takalminka guda? Ko yayin birni na bana ke nan?"

Zuwaira ce ta yi wannan tambaya, tana tsaye a gaban turmi a gidanta da ke Filinge, tsakanin azahar da la'asar. Wanda ta yi wa tambayar kuwa Ibrah ne, ɗan gwaggonta, ita kuma ɗiyar kawunsa. Wato dai taubasai ne, irin waɗanda al'ada ta halatta wa kowannensu mutuncin ɗan uwansa, ya ci iyakar cinsa babu ramuwa sai da baki. Ibrah tela ne a Yamai, ya daɗe a can, ba ya zuwa gida sai da salla ko rasuwa. Ga shi yau a tsakar gidanta cikin shadda mai tsada, taɓo har gwiwa, bununin hatsi a hularsa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya so a ce ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙasa ba ta taɓa yi wa mai jin kunya wannan alfarma ba.

"Zuwaira, rage murya. Rufin asiri ya kawo ni."

"Tela ke neman rufin asiri gun mai daka? Ai ku ka rufe na mutane. Zamna. A'a, ba bisa tabarmata ba, ga turmi can ka kife."

Ya kife turmin ya zauna. Ya ce, "Kin tuna na kira ki ran nan, na ce ina tahe da baƙo? Sule, abokina na Damagaram, mai babbar mota kat-kat, shi da ƙanensa. Na ce na cika musu baki da kyawon ƙasar Kurhwai, ki hwaɗa mini hanyar da ta hi kowace kyau in kai su."

"Na tuna. Kana ta hura hanci cikin waya kamar kai ka dasa duwatsun."

"Mi kika ce mini?"

"Na ce kada ka bi gudoro, hanyar kwalta, kamar kowane ɗan kasuwa. In kun wuce Damana ku saki kwalta ku gangara cikin kwari. Jan dutse na tsaye hannunku guda kamar ganuwa, goriba jere, raƙuma na shan ruwa bakin rijiya, ku shimhiɗa tabarma ku sha inuwar gawo. Ƙarya na yi? Duk ƙasar ga akwai hanyar da ta hi ta?"

"To, mun bi ta."

Zuwaira ta ajiye taɓarya. Ta dube shi daga hula zuwa ƙafar da babu takalmi.

"Kun bi ta. Yau?"

"Yau."

"Cikin damina?"

Ya gyaɗa kai. Ita kuwa dariya ta kama ta har sai da ta dafa bango, kaji suka watse.

"Wayyo cikina! Ibrah, hanyar rani ce! In ruwa ya sauka ai shuka ta akan yi, har bakin dutse. Na ce maka inuwar gawo! Wane gawo ka taɓa gani da ganye cikin damina? Ko jaki in an ce mishi haka sai shi kaɗa kunne."

"An ce matambayi ba shi ɓata."

"Sai in ya tambayi taubashiya tai. Kai, tun muna yara na ce maka gautan kura tumatir ne ka ci, har yau ba ka yi hankali ba? Ni na zaci ka kashe waya ka yi dariya, ka ce ja'ira ta so ta kai ni daji."

"Murya taki ba ta yi kama da wasa ba."

"Da ta yi kama da wasa, ina wasan?"

Ibrah ya sunkuyar da kai. Haƙiƙa abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda ya zauna a gaban mota yana nuni da hannu kamar sarkin hanya, yana ba baƙi labarin kowane dutse. Da farko hanyar ta yi kyau kamar yadda aka siffanta ta, har Sule ya tsaya ya ɗauki hoto yana tasbihi ga Mahaliccin wannan kwari. Daga nan hatsi ya fara matso su dama da hagu. Sule ya ce a juya, Ibrah ya ce gaba hanya na buɗewa, ai shi ɗan ƙasa ne. Suka ci gaba kara na karyewa a ƙarƙashinsu, har taya ta nutse cikin jiƙaƙƙen yashi a tsakiyar gonar mutane.

"To, ai da sauƙi," in ji Zuwaira tana share hawayen dariya. "Ku nemi mai gona ku ba shi haƙuri, a ɗaura shanu a jawo ku. Gonar wa ce?"

"Gonar… mutanen can ne."

"Mutanen can ba su da suna?"

"Tungar da ke gindin dutse. Gonar da ke da rijiya gabas."

"Gonaki nawa ke da rijiya gabas? Hwaɗi sunan mai ita mana."

"Ba ni iyawa."

"Ka manta?"

"Zuwaira, ki ji tsoron Allah. Kin san ba ni kama sunan nan."

Idonta ya buɗe. Mutum ɗaya ne a duniya wanda bakin Ibrah ba ya furta sunansa, wanda in ya hango shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi.

"La ilaha illallahu! Gonar Malam Haske? Uban Nasiba? Surukinka ka hau wa hatsi da mota?"

"Ki rage murya, don girman zumunta."

"Duk gonakin Kurhwai, tun daga Tabla har Sanam, ba ka samu ta takawa ba sai ta mutumin da ya ba ka ɗiya? Mi yac ce da ya gan ka?"

"Bai gan ni ba."

"Ƙaƙa?"

"Na hango malhwa tai daga nesa, shina tahowa da hauya a kahwaɗa. Sai na ce ma baƙi bari in nemo masu turi. Na duƙa cikin hatsi na yi ta rarrahe har gudoro, na hau kabu-kabu."

"Ka bar baƙi?"

"Na bar su."

"Ka bar mota?"

"Na bar ta."

"Ka bar takalmi?"

"Taɓo ya riƙe shi."

"Ko taɓo ya hi ka tsayawa wuri guda! To, wawan Allah, baƙin nan kurame ne? Ai da tsoho ya ce daga ina, za su ce mu baƙin Ibrah tela ne, yanzu ya shiga hatsi. An yi gudun gara an tad da zago. Ya ma san kana gari?"

"Gobe na yi niyyar zuwa gaisuwa, da goro da sukari, cikin mutunci."

"Ai ka aika mishi gaisuwa mai taya huɗu."

Wannan magana ta shige shi kamar allura, domin gaskiya ce, gaskiyar taubashi kuwa ba ta da kube. Ya ce a hankali, "Ke kaɗai ke iya hidda ni. Ƙanen kakanki ne na wajen uwa, mijinki kike ce mishi, kina cire mishi hula gaban mutane shina dariya. Ki tahi ki yi mishi bakin nan naki. A hidda baƙi, a hidda mota."

"Ni? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa ka duka."

"To wa ya ja ruwan? Ni na bi, ke kika nuna."

"Hanyar lahiya a bi ta da shekara, ga gudoro shimhiɗe."

"Ke kika ce gudoro na 'yan kasuwa ne."

"In na ce ka hwaɗa rijiya?"

"Da na tambaye ki zurhinta, don ban san taubashiyata na wasa da abincin tsohwahhi ba."

Zuwaira ta dube shi. Ta ce, "Hatsin ya kai ina?"

"Ya hi ni tsawo. Ya hidda kai, ya yi bununi, ga shi nan a hulata."

"Kun karya da yawa?"

"Hwaɗin mota, tun daga bakin gona har rijiya. Da Sule ya so juyawa kuma ya ƙara kwantar da wani."

Dariyar ta gushe daga fuskarta kamar an ɗauke fitila daga ɗaki. Ta san gonar. Ta san shuka ta farko ta ƙone wa tsohon bana, sai da ya sake, da irin da ya hana wa bakinsa. Ta san 'ya'yansa maza suna ci-rani ba su dawo ba, shi kaɗai ya nome ta da tsufansa. Wasa halal ne tsakanin taubasai matuƙar ya tsaya a kan masu shi, amma wannan ya tsallake su ya faɗa cikin tukunyar wanda bai ji ba bai gani ba. Ta zauna a gefen tabarma, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ibrah ya leƙa ta. Duk da halin da yake ciki, bai iya barin wannan dama ta wuce ba.

"Yau ga abin mamaki. Bakin Zuwaira ya mutu? A kira liman."

"Rabu da ni."

"Ina sarauniyar hanyoyi? Ba wata mai kyau da za ki nuna mini?"

"Ibrah, wallahi ban zaci kana bi ba."

"Ni ma ban zaci ina da ƙafar gudu haka ba."

Kowa na duban ƙasa, har wata kaza ta zo ta ci tsakin da ya zube a gabansu babu mai korarta. Can Zuwaira ta miƙe ta gyara ɗaurin zane.

"Shi ke nan, magana zarar bunu ce, ni na zare ta. Shiga ɗakin maigida ka kwanta, kada kowa shi gan ka. Ni tahi in ce ma tsoho ni ce na ɓad da baƙi, kai kuma zazzaɓi ya kama ka a hanya. In ya zage ni, mijina ne, na saba."

Wannan shi ne ainihin abin da ya hau kabu-kabu ya zo nema. Amma da aka miƙo masa shi a hannu, sai ya ji ya fi taɓon ƙafarsa ƙazanta. A zuci ya hango tsohon zaune a bakin rijiya, ya shimfiɗa wa baƙin surukinsa tabarma, ya sa an kawo musu fura, bai tambayi kowa kome ba, domin haka halinsa yake. Sa'an nan a zo a ce masa mijin ɗiyarsa na kwance da zazzaɓin ƙarya a bayan turmin mace. Tsohon zai ce Allah ya sawwaƙe, zai kuma gane, ba zai taɓa faɗa ba har abada. Ibrah ya ga cewa kunyar yini ɗaya ta fi wannan sauƙi.

"A'a. Tare za mu."

"Kai? Gaban Malam Haske? Kai da ko tari ba ka yi gabanshi?"

"Ke ki yi baki, ni in yi gwiwa. Amma kada ki ce zazzaɓi. Ki ce na ji kunya na gudu, na kuma ji kunyar gudun na dawo."

"In ya ce ka ɗago kai?"

"Sai in suma, ki yayyahwa mini ruwan rijiya."

Zuwaira ta dube shi, ta kaɗa kai, murmushi ya komo mata kaɗan. "To, yau ka kada ni, tela. Na zaci allura kaɗai kake iya riƙewa."

Ta nufi rumbu a bayan ɗaki. Rumbun damina kowa ya san halinsa, sai ta shige har ƙugu kafin hannunta ya taɓa abin da ya rage. Ta fito da damin hatsi na bara, ta jawo shi har gabansa.

"Zuwaira, wanga ai abincin gidanki ne. Ni saye a kasuwa in kai mishi."

"Saye naka daga baya, wanga nawa ne. Ba shi biyan abin da anka karya, amma ba ni zuwa gun mijina hannu sake bayan na aika mishi mota. Duƙa."

Ya duƙa, ta aza masa damin a ka, bisa hular da shaddar duka, zangarniya ta zubo masa har haɓa.

"Ba ni ganin gabana."

"Shi na ke so. In mun isa, ka durƙusa ka aje shi gabanka ka laɓe baya. Na zaɓo maka mai hwaɗi, ya isa shi ruhe maka huska har tsoho shi gama yahewa."

Daga ƙarƙashin damin aka ji Ibrah ya yi dariya, ta farko tun da ya shigo gidan. Ya ce, "Allah shi saka miki, muguwa. Ja ni mu tahi, kahin la'asar ta same su can."