Idon Zomo

"…da kwanan asibiti? Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, amarya. Ƙarfe huɗu za a sallame ta."

Jikana ne, makanike, wanda nake kira Baƙin Mai. Kwana uku 'yarsa mai shekara huɗu tana asibiti, numfashi yana sarƙe mata. Likita ta ce ƙurar jikin zomon audugar da take kwana da shi ce, a wanke shi ko a jefar. Yarinyar kuwa ba ta barci sai da shi, kuma in kuka ya yi tsawo ƙirjinta toshewa yake. Ya zaro zomon daga leda. Nasa ne tun yana rarrafe.

"Ina injin wankinki? Minti goma ya isa."

"Inji? Zomon nan ya girmi matarka. Jefa shi ciki, ka kwaso auduga da kunne ɗaya."

"Ke ma ai kin girmi kowa, kuma kullum kina wanka ba ki yage ba."

"Ni ɗinkin Allah ce, shi ɗinkin kanti. Kawo ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, da sabulun jarirai."

Na jiƙa farin ƙyalle na goga ƙarƙashin wutsiyar. Launin bai zuba ba. Na latsa cikin, babu batir, babu usur. Sai ƙyallen ya suɓuce min ya faɗi.

"Tsohuwa, tsoro kike ji?"

"Tsufa ne. Kai da kake zufa a inuwa fa? Riƙe shi. A hankali! Ba tsumman gareji ba ne."

Ya bi shi da kumfa gaɓa-gaɓa, ya ɗauraye har sau uku. Ruwan farko kamar na wankin ƙafarsa. Na faɗa masa, bai yi dariya ba. Sai na ga ya kama wuyan zai murɗa.

"Kul! Matse shi ka ga yadda zan matse ka. Naɗe shi a tawul ka danna."

"Da na sani da wata kakar na aura."

"Wa zai karɓe ka da wannan farcen?"

Ya kwarara ruwan a kwata, ya dawo ya warware tawul don mu shanya gaban fanka. Sai ya ɗago shi ya juyo min fuskarsa. Zomo yana kallonmu da ido ɗaya. Inda ɗayan yake, zare ne kawai a tsaye.

Ya ruga bakin kwata ya zura hannu har gwiwa. Babu. Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. Ina jiyo 'yar muryar yarinyar tana shaƙewa a baya: "Baba, zomona ya yi wanka?"

"Ya yi," ya ce. Ya kashe, ya zauna daɓas. "Kaka, in ta gani za ta yi kuka. In ta yi kuka mun koma."

Rabon da ya kira ni Kaka har na manta.

"Tashi, rago. Idon da ruwa ya cire, yarinya ma za ta cire. Gara da kwata ta haɗiye shi, ba ita ba. Matso."

Na kama gaban sabuwar rigarsa na datse baƙin maɓalli da almakashi.

"Rigar fita ce fa!"

"Wa ke kallonka? Zura min zare, ni ba na ganin kafar."

Sau biyar yana zurawa. Na ɗinke maɓallin, na ƙara wa tsohon idon zare, na ce ya ja da ƙarfin makanikai. Ko motsi. Sabon idon ya ɗan fi girma.

"Za ta gane."

"Za ta gane mana, ba kanka ta gado ba. Ka ce shi ma asibiti aka kwantar da shi, aka yi masa aikin ido, bai yi kuka ba."

Ya dubi zomo, ya dube ni, sai dariya ta ƙwace masa. Ya miƙo gaban rigar.

"Kin ci, amarya. Ɗebi biyu ke ma, ko kya riƙa ganin kafar allura."