Ranar da Na Yi wa Baba Lacca Kan Iskoki

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, shekara guda bayan samun 'yancin kai, ina sabon malamin asibiti a ɗakin shan magani na Bodinga. Na dawo daga kwas ke nan, inda aka yi mana darasi biyu rak kan ciwon ƙwaƙwalwa (biyu fa!), amma ji nake na fi kowa sani a lardin Sakkwato. Ko zama ba na iya yi, ƙagare nake in samu wanda zan gwada ilimina a kansa.

Sai ga wani manomin albasa daga Danchadi, Malam Ummaru, ya kawo yayansa a kan jaki. Yayan dattijo ne fari tas da furfura. Malam Ummaru ya ce, "Likita, wata biyu ke nan bai ce uffan ba, abinci ma sai da lallashi."

Ban bari ya ƙarasa ba. A raina na riga na yanke cewa mutanen ƙauye ne, iskoki za su ce. Na miƙe ina kai da kawo, ina kaɗa alƙalami. "Baba, babu iska, babu sammu! Zamani ya canja!" Na zana ƙwaƙwalwa a bayan katin magani (ta fi kama da kabewa). Malam Ummaru ya buɗe baki sau uku, sau uku ina katse shi. Masu jiran allura suka cika taga.

Can dattijon ya ɗago kai, murya a dushe.

"Yaro, wa yac ce maka iska?"

Alƙalamin ya suɓuce mini.

"Mai ɗakina ta rasu. Shekara arba'in muna tare. In na taho daga hwadama, ba wadda za ni ce ma sannu da gida. To mi za ni ce, kuma ga wa?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Sai Malam Ummaru ya rungume ni yana hawaye, "Ya yi magana! Likita ya warkas da shi!" Dattijon ya ce, "Ba warkarwa ba ce, kunnena ya gaji."

Mutanen taga suka kwashe da dariya. Na jawo benci na zauna kusa da dattijon, ya yi ta ba ni labarin mai ɗakinsa har azahar.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo da damuwa, sai na ciji leɓe na tambaye shi me ya faru tukuna. Laccar kuwa har na yi ritaya ba wanda ya nema.